Asalin Kyautar Tunawa da Astrid Lindgren

A cikin kyaututtukan da ake bayarwa a fagen littattafan yara, kaɗan ne suka kai ta tunawa da Astrid Lindgren tsoka. Gwamnatin Suwidin ce ta kafa ta a shekarar 2002, jim kaɗan bayan rasuwar wannan marubuciya ranar 28 ga Janairu, tana da shekara 94. Kuɗin kyautar kurona miliyan 5 ne kowace shekara, daga baitulmalin ƙasa.

Ita marigayiyar da tatsuniya ta fara. A 1941 ƴarta na kwance ba lafiya, sai ta riƙa ƙago mata labarin wata yarinya mai ƙarfin tsiya, Pippi. Da ta rubuta shi, kamfanin Bonniers ya ƙi bugawa; Rabén & Sjögren ne ya fitar da shi a 1945. A wannan kamfani ta zama editar littattafan yara daga 1946 har 1970, wato ta san wahalar ɗab'i kamar yadda ta san ta alƙalami.

Abin lura shi ne ƙa'idar da aka gindaya. Ba marubuta kaɗai suka cancanta ba, har da masu zane, da masu ba da labari da baka, da masu yaɗa karatu. A 2003 Christine Nöstlinger da Maurice Sendak suka fara samu, amma albarkacin wannan ƙa'ida ta kai ga Banco del Libro ta Benezuwela a 2007, sannan ga PRAESA ta Afirka ta Kudu a 2015. Ita wannan ƙungiya Neville Alexander ya kafa ta a 1992, aikinta kuwa sa yara karatu cikin harsunan iyayensu.

A nan Nijar an kafa kyautar adabi mai sunan Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, shi ma kuwa ya rubuta wa yara tare da Andrée Clair, sai dai da Faransanci. To, yaron Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji da Hausa yake jin tatsuniya. A ganinmu, in za a tsara wata kyauta domin waɗannan yankuna, ƙa'idar Suwidin ta fi kuɗinta abin koyi, domin a ƙarƙashinta tsohuwa mai gatana a Tibiri da malamin da ya tattara mata labaranta duka suna iya shiga takara.