Tambayoyi Uku Game Da Turanci, Da Amsarsu Daga Tarihi

Akwai waɗansu tambayoyi guda uku da ba a raba ɗan makaranta da su, ko na mishan ne ko na gwamnati, tun ran da ya fara koyon Turanci. Ta fari, don me a ke rubuta harafi cikin kalma, sa'an nan a hana mutum faɗinsa? Ta biyu, don me abu guda ya kan sami suna biyu? Ta uku, don me karin maganar Turawa, in an juya ta da Hausa, sai ta zama shirme? Malami ya kan ce, "Haka a ke yi, ku hardace." Da gaskiyarsa, amma harda in babu sanin dalili nauyi gare ta. Dalilin kuwa yana cikin tarihi, shi ya sa mu ka ga ya kamata mu ba ku labarin. Bari mu fara daga gida.

A Nassarawa ta Kano, gabas da birni, bayan ganuwa, akwai wani tsohon gidan ƙasa da a ke kira Gidan Ɗan Hausa, yanzu an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi. Ɗan Hausa laƙabi ne na wani Bature, Hanns Vischer, wanda a ka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan cikin 1876. Da aikin mishan ya zo ƙasar nan, daga baya ya shiga aikin gwamnati, har cikin 1906 ya ƙetare hamada da ayari daga Tarabulus zuwa Barno. Cikin 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano, ya buɗe makaranta a Nassarawa, wadda ta zama tushen makarantun gwamnati na Arewa.

Da Hausa a ke koyarwa a makarantar nan. Hausawa kuwa sun daɗe suna rubuta harshensu da ajami, Turawa ma irin su Schön sun fara rubuta shi da harufansu tun 1843, amma kowa da irin rubutunsa. Makaranta ba ta yiwuwa haka, sai Vischer ya tsara ƙa'idodin rubutun Hausa, a ka buga su cikin 1912. Manufar ita ce kowane sauti ya sami harafinsa, a rubuta magana yadda baki ya faɗe ta. Aikin bai ƙare nan ba. Da, a kan rubuta "chikin", waɗansu kuma suna sa ɗigo ƙarƙashin harafi, waɗansu alama a gefensa, don a bambanta "kafa" da "ƙafa". Cikin shekarun 1930 a ka daidaita a kan "c" da harufa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, lokacin da R. M. East ya ke shugabancin Ofishin Talifi a Zariya. Cikin 1934 kuma ƙamus na Bargery ya fito, mai kalmomi wajen 39,000.

Kun ga ashe rubutun boko yaro ne, ƙa'idodinsa sun ɗara shekara ɗari da kaɗan, mutane ne kuma su ka zauna su ka auna shi da kunne. Shi ya sa alƙalami bai yi nisa da baki ba. To, ku riƙe wannan, mu ƙetare zuwa Ingila, inda ba a sami wanda ya yi wa Turanci irin wannan zama ba.

Asalin Turanci harshen waɗansu ƙabilu ne da su ka ƙetaro daga wajen Jamus da Denmak cikin ƙarni na 5. Bayan 597, masu wa'azi daga Rum su ka kawo musu harufan Latin. Nan a ka fara samun cikas, gama harufan ba don bakinsu a ka yi su ba. Har yanzu Turanci harufa 26 gare shi, amma sautukansa sun kai wajen 44. Duk da haka mutanen da sun yi ƙoƙari su rubuta abin da su ke faɗi. Kalmar "knife", watau wuƙa, da "k" ɗinta a ke faɗinta, sai wajen ƙarni na 17 harshe ya yar da shi. A cikin "night", watau dare, "gh" ɗin nan sauti ne na maƙogwaro, kusa da ha mai ruwa ta allo. Sautin ya mutu, harufan su ka zauna.

Me ya sa su ka zauna? Cikin 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila. Abin da inji ya buga ɗari-ɗari, wuya a sake shi. Ana cikin haka kuwa bakin mutanen Ingila yana juyawa. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulansu duk su ka sauya wuri. Kalmar "time" da a ke ja da "i" kamar a cikin "rimi", ta koma yadda ku ke jin ta yau. Ga kuma masana na ƙarni na 16 da su ka ƙara wa Borno dawaki: su ka cusa "b" cikin "debt", watau bashi, don a tuna asalinta Latin ne, ko da ya ke ba mai faɗinsa. Da Samuel Johnson ya fitar da ƙamus nasa cikin 1755, sai ya tattara rubutun yadda ya tarar da shi, jama'a su ka bi. A Amurka, Noah Webster ya ɗan rage kaya cikin ƙamus nasa na 1828, shi ya sa za ku ga "colour" a littafin Ingila, "color" a na Amurka. Duka biyu daidai ne, sai dai mutum ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Amsar tambaya ta fari ke nan: rubutun Turanci hoton maganar kakanni ne, mai karatu yana kallon fuskar da ta tsufa tun shekara ɗari biyar.

Kada fa mu yi musu dariya. Ku rubuta "gari", ku ba baƙo ya karanta. Ina zai san ko gari na zama ku ke nufi, ko na tuwo? Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Mu da mu ka sha harshen a nono ba mu lura ba, amma baƙo yana shan wuya a nan kamar yadda ku ke sha da "though" da "through".

Tambaya ta biyu, amsarta yaƙi ne da ciniki. Cikin 1066 William na Normandi ya ci Ingila, fada ta koma Faransanci har wajen shekara ɗari uku. Kalmomin masu mulki su ka zauna gefen na talakawa. Saniya tana "cow" a makiyaya, namanta ya zama "beef" a akushi. Tunkiya "sheep", namanta "mutton". Haka "ask" na gida ne, "demand" na Faransa, kuma ya fi shi kaushi. Saboda haka in kun ga kalmomi biyu ƙamus ya ba su ma'ana ɗaya, ku bincika wadda a ke yi wa aboki da wadda a ke sa wa cikin takardar ofis.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun ari "littafi" da "alƙalami" da "alƙali" daga Larabci. Daga Turanci mun ari "tebur", "bokiti", "asibiti", har da "kwabo" daga "copper" da "sule" daga "shilling", kuɗin da a ka daina kashewa amma sunansu ya saura. Abin sha'awa, "sukari" da "suga" uwarsu ɗaya, kalmar Larabci. Ɗaya ta zo mana ta hannun Larabawa, ɗaya ta bi ta Turai ta zama "sugar", ta komo mana ta teku. Amma kama da wane ba ta wane. Da yawa suna zaton "boko" daga "book" ta fito, sai masanin harshe Paul Newman ya nuna cikin 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda a ke cewa amaryar boko.

Saura karin magana. Ita kuwa 'yar ƙasa ce, da kayan garinsu a ke ɗinka mata riga. Bature ya kan ce "to carry coals to Newcastle". In ka juya ta kalma-kalma, ba Bahaushen da zai fahimta, sai ya san Newcastle gari ne da ya shahara da fitar da kwal. Kai kwal can daidai ya ke da mutum ya ɗora gishiri a raƙumi ya nufi Bilma. Dabarar ita ce ka nemi ma'ana, sa'an nan ka nemo 'yar'uwarta a gida. Inda su ka ce "a bird in the hand is worth two in the bush", mu mun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Inda su ka ce "once bitten, twice shy", mun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wani lokaci ma a kan yi kicibis: su da mu duk mun ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, don maƙera ko'ina halinsu ɗaya. Turawan ma sun ga darajar namu, har Merrick ya tara karin maganar Hausa ya buga littafi cikin 1905.

To, 'yan makaranta, ga abin da mu ke so ku ɗauka. Kalmar Turanci da ido a ke koyonta da kunne, don haka kowa ya sami ɗan littafi, ya riƙa rubuta sabuwar kalma tare da jumlar da ya tsince ta a ciki. In shakka ta zo, a buɗe ƙamus, gama matambayi ba ya ɓata. Kada wuyar rubutun ta sa wani ya ce kansa ne ba ya ja, 'ya'yan Ingila ma da zufa su ke koyonsa. Kada kuma wanda ya iya ya raina nasa, ya riƙa rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa". Mutane sun sha wahala kafin su samo mana ƙugiyar nan, barinta ɓarna ne. Wanda ya kiyaye ƙa'idar harshen uwarsa, ta wani ba za ta gagare shi ba.

Allah ya buɗa mana basira, ya sa abin da mu ka koya ya amfane mu, amin.