Wa Ya Tsaya Maka? Daga Masaukin Fatake Zuwa Ɗakin Haya

Duk ɗalibin da ya baro Lahodu ko Raba ko Goronyo ya zo Sakkwato karatu, ya haɗa kai da wani don su kama ɗaki, tambayar farko da mai gida zai yi musu ita ce, wa ya san ku, wa kuma zai tsaya muku? Wannan tambaya ta girmi takardar haya nesa ba kusa ba.

A zamanin da, baƙo ba ya shiga gari ya nemar wa kansa ɗaki. Sai an sami wanda ya karɓe shi. Lokacin da Bature Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824, a gidan Waziri Giɗaɗo aka sauke shi. Haka Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, bai shiga Wurno a 1853 ba sai da ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Fatake kuwa zango suke sauka, ko gidan fatoma. Shi ke ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya samo musu dillali. Ba kuɗin ɗaki yake ci ba, la'ada yake ci idan an yi ciniki.

Hausawa sun tafi da wannan tsari har Kurmi. A unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, masu gida ne ke sauke masu shanu daga Arewa. Idan aka ba mahauci saniya bashi ya kasa biya, mai gida ne zai biya baƙonsa. Watau ɗaki da lamuni a hannu ɗaya suke.

Da Sakkwato ta zama hedkwatar jiha a 1967, aka kuma kafa jami'a a 1975, sai ma'aikata da ɗalibai suka yawaita, ɗaki ya zama haja. To, a nan ne al'amarin ya juya. Da mai gida ne ke tsaya wa baƙo, yanzu baƙo ne ake cewa ya kawo mai tsaya masa, ya kuma biya kuɗin shekara tun bai kwana ba.

Abin lura ga mutum biyu masu neman ɗaki ɗaya shi ne, lamunin da fatoma ke ɗauka da, yau ya koma wuyan wanda sunansa ke kan rasit. In abokin zama ya tsere tsakiyar shekara, ko ya yi ɓarna, shi za a kama. Saboda haka a sa sunayen biyu a takarda, a rubuta kason kowa gaban shaidu, a kuma san halin mutum kafin a haɗa mabuɗi da shi, don kuwa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.