Dorugu Ɗan Ƙasar Kance: Yaron Da Aka Rubuta Hausa Daga Bakinsa

 Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, a 'yan shekarun nan ana yawan maganar sanya yara da matasa cikin binciken da ya shafi zaman lafiya da asalin al'umma. A watan Disamba na 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250, wanda ya nemi a riƙa damawa da matasa a harkar sulhu, kuma rahoton da ya biyo bayansa a 2018 an haɗa shi ne bayan an saurari matasa fiye da dubu 4 daga sassan duniya. Mai karatu zai iya zaton sabon abu ne da aka kawo mana daga waje. Alhali kuwa kusan shekaru 170 da suka wuce an yi irin wannan aiki da wani yaro maƙwabcinmu, kuma labarinsa yana ɗauke da darasin da ya kamata mu sani kafin mu amsa kiran kowane mai bincike.

Wanda ya tashi daga Mai'adua ya ƙetare iyaka ta Kwangwalam ya nufi Matamaye, to ya shiga ƙasar Kance ta Damagaram. A wani ƙauye na wannan ƙasa mai suna Dambanas aka haifi Dorugu wajen shekarar 1840. Yana ƙaramin yaro masu farautar bayi suka raba shi da gidansu, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani. A can ne wani Bajamushe matafiyi mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamarge mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu. Da su ya ratsa Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu har ya isa Timbuktu a 1853, da su kuma ya keta Sahara ya sauka Ingila a 1855.

A Ingila akwai wani ɗan mishan, shi ma Bajamushe, mai suna James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana neman mai koya masa Hausa. Ya taɓa biyo ayarin da ya shigo kogin Kwara a 1841, ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Da ya sami Dorugu, kakarsa ta yanke saƙa. Ya zaunar da yaron a gidansa, yaro yana faɗa yana rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, labarin garuruwa, da tarihin rayuwarsa tun daga yarintarsa. Wannan taska ta shiga cikin littafin nahawun Hausa da Schön ya buga a 1862, da ƙamusunsa na 1876, da kuma littafin Magana Hausa na 1885. Ke nan wani babban kaso na Hausar da Turawa suka fara karantawa da boko, Hausar yaro ce ɗan wajen shekara 16 daga arewacinmu.

Wanda ya karanta labarin Dorugu zai ga kaifin idon yaro. Ya bayyana halin da bawa ke shiga ta fuskar wanda aka sayar, abin da littattafan sarakuna ba su cika kulawa da shi ba. Ya kuma juya ya ƙare wa Turawan kallo, ya ba da labarin yadda suke zaman cin abinci da yadda suke hulɗa da juna. Wannan ita ce fa'idar farko ta sauraron yara: suna ganin abin da idon babba ya saba da shi har ya daina gani, kuma suna shiga inda babba ba ya shiga. A shekarun 1970 wata mai bincike Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta gane haka a birnin Kano, inda ta lura cewa yara masu aike da talla su ne ke haɗa gidajen kulle da kasuwa, don haka ta mai da hankalinta kansu.

To amma a duba ɗaya gefen. Buƙatar Schön ita ce fassara littafin addininsa zuwa Hausa, kuma shi ke zaɓen abin da za a tambaya da abin da za a buga. Yaron yana hannunsa, ba uwa ba uba, ba kuma wani malami ko dangi da zai shawarta, har aka yi masa baftisma aka sa masa suna James Henry. Ba mu da hurumin hukunta yaron da ke cin abinci a hannun mai tambayarsa, domin irin wannan ba ya iya cewa a'a. Littattafai suka fito da sunan Schön a bango, Jami'ar Oxford ta karrama shi da digirin girmamawa a 1884. Dorugu kuwa ya dawo Afirka ta Yamma a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Sai a 1971 masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake fito da tarihinsa da Ingilishi. Har yau yara nawa ne a ƙasar Daura da Damagaram suka taɓa jin sunansa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A tarihin Musulunci muna da wani salon na daban. Zaidu ɗan Sabit (RA) yana ɗan shekara 11 Annabi (SAW) ya iso Madina, kuma bai daɗe ba ya umarce shi da ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuwa iya cikin kusan rabin wata. Bayan yaƙin Yamama, Sayyidina Abubakar (RA) ya ɗora masa aikin tattara Alƙur'ani yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yi ta bin abin da aka rubuta da abin da ke ƙirazan mutane yana tantancewa. Abdullahi ɗan Abbas (RA) kuma yana da wajen shekara 13 Annabi (SAW) ya yi wafati, sai ya shiga bin gidajen sahabbai yana tambaya, yakan kwanta a ƙofar gidan mutum da tsakar rana iska tana watsa masa ƙura har sai mai gidan ya fito. Sayyidina Umar (RA) ya riƙa zaunar da shi a majalisar dattawan Badar. Waɗannan samari su ne masu tambayar, sun san dalilin aikin, kuma sunansu yana nan a cikin isnadi har gobe. Wannan shi ne bambancinsu da Dorugu.

Me ya sa batun ya shafe mu a Mai'adua? Domin muna zaune ne a kan tambayoyin asali da ba a gama amsa su ba. A farkon ƙarni na 19 jama'ar jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure, sai a 1906 Turawan Ingila suka mai da Malam Musa kan karagar Daura. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da Faransa suka kakkafa alamomin iyaka, dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu. Wani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta Nijar, ya buga littafi a 1994 kan yadda iyakar ta sauya rayuwar ƙauyukan biyu. Rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun nuna mana yadda layin nan ke iya raba kasuwa da masu cinta, ya raba ɗa da kakarsa. A gefe guda kuma ga musayar zagi a Facebook kan wane ne Bahaushe wane ne Bafillace, galibi tsakanin samarin da ba su taɓa zama gaban kakanninsu sun tambayi aurarrakin da suka haɗa gidajensu ba.

Dattawan da suka san yadda ake sasanta manomi da makiyayi a gaban mai gari, suka san burtali da mashaya, suka san wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari, kullum raguwa suke yi. Hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014, mu kuwa ba mu ko rubuta namu ba. Ɗalibin Islamiyya da ke riƙe da waya zai iya wannan aiki, muddin an kiyaye sharuɗɗa. A nemi izinin iyaye da yardar yaron kansa, a kuma bayyana masa inda maganarsa za ta je. Kada a tura yaro tambayar abin da zai jawo a ɗauke shi mai kai rahoto, musamman kan 'yan bindiga, domin wannan zai iya cin rai. A rubuta wanda ya ba da labari da wuri da rana, a gwada shi da na wasu kamar yadda malaman hadisi suka koyar, kada a yaɗa abin da zai tayar da tsohuwar gaba. Sannan a rubuta sunan wanda ya yi wahalar, a kuma dawo da sakamakon a karanta wa mutanen gari da harshensu.

Ya ɗan uwa, idan wata ƙungiya ta zo makarantarku da takardar tambayoyi, ka karɓe su da mutunci, amma ka tambaye su wa ya tsara tambayoyin da kuma inda amsoshin za su kwana. Kafin su zo ma, ka fara da tsohon da ke gidanku. Suratul Hujurat ta sanar da mu cewa an yi mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma sanin juna yana farawa da tambaya cikin ladabi.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu dace.