Filaye Uku Na Olokemeji: Tarihin Binciken Wutar Daji A Ƙasar Yarabawa

Duk wanda ya san tsohuwar hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Badun, wadda aka buɗe a 1901, ya san tashar Olokemeji, bayan an wuce Abeokuta, a bakin kogin Ogun. Nan jiragen shanu da na goro suka riƙa giftawa shekara da shekaru, iyayenmu fatake na ciki suna gyangyaɗi, alhali kuwa a gandun dajin da ke gefen tashar ana gudanar da wani gwaji wanda har gobe masana tsirrai suke ambatonsa. Gwajin ya shafi tambayar da ake yawan jefa mana idan rani ya yi kuma hayaƙi ya tashi, wato shin wuta ɓarna take yi wa daji ko gyara?

Olokemeji wuri ne da kurmi da dajin ciyawa suka yi iyaka. Ka tsaya a nan ka ga duhun itatuwa, ka yi ɗan taku ka fito sarari mai dogayen ciyayi da maje da baushe jefi-jefi, kamar an ɗauko wani yanki na Arewa an ajiye. Ruwan sama iri ɗaya ke sauka a kan duka biyun, wajen milimita 1,200 a shekara, ruwan da ya isa ya raya kurmi. To me ya hana kurmin mamaye wurin baki ɗaya?

Turawan gandun daji sun riga sun yanke hukunci tun kafin su auna. A ganinsu asalin ƙasar duk kurmi ce, manomi da makiyayi da maharbi ne suka cinye ta da gatari da wuta. A 1935 wani malamin ilmin daji, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa hamadar Sahara na tunkaro Arewacin Najeriya gadan-gadan. Sai aka kafa kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa, ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar tana tafiya yadda aka faɗa ba. Amma maganar ta riga ta shiga kunne, kuma ba ta fita ba.

A cikin wannan yanayi ne aka keɓe ƙananan filaye uku a dajin ciyawar Olokemeji a 1929. Aka sare itatuwan da ke cikinsu domin kowanne ya fara daga tushe. Na farko aka kewaye shi aka hana wuta shiga sam. Na biyu ana cinna masa wuta kowace shekara a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi. Na uku sai a bari har ƙarshen rani, ciyawa ta bushe ƙayau, sannan a sa mata ashana. Shi ke nan aikin, sai haƙuri. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin nan, domin wanda ya dasa gwajin ya san ba shi zai ga ƙarshensa ba, kuma dole a sami malamin daji da lebura masu share hanyar tare wuta kowace shekara ba fashi. Sakaci na rana ɗaya ya isa ya ƙone aikin shekara ashirin.

Bayan shekara 28 aka ƙirga itatuwan, kuma a 1960 J. R. Charter da R. W. J. Keay suka buga sakamakon. Filin da aka hana wa wuta ya cika da itatuwa, irin na kurmi sun shigo sun yi rumfa, ciyawa ta rasa hasken rana ta ja da baya. Filin wutar ƙarshen rani ya tsaya sarari, itatuwansa 'yan kaɗan ne, kuma masu kaurin ɓawo ne da suka saba da ƙuna. Na farkon rani ya zauna a tsakiya, da ciyawarsa da itatuwa masu yawa. Bafaranshe André Aubréville ya kafa irin wannan gwaji a Kokondekro kusa da Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa a 1936, amsar da ta fito kusan ɗaya ce.

Ma'aikatan daji suka ce ai ga shaida nan, wuta ce ta kashe kurmi. Keay, wanda ya tsara taswirar tsirran Najeriya a littafinsa na 1949, ya sa wa wannan yanki sunan da ke nufin dajin ciyawar da ya gaji kurmi. Sunan da kansa hukunci ne, yana cewa abin da ka gani ragowa ce. Shi kuwa Aubréville, a wannan shekarar ta 1949, shi ya yaɗa kalmar da muke fassarawa da kwararowar hamada.

To amma fa jama'a, ma'aunin nasu itace ne kawai, domin katako suke nema. Da aka fara ƙirga sauran halittu sai lissafi ya sauya. Brian Hopkins na Jami'ar Badun ya shafe shekaru a Olokemeji yana bin ciyayi da ƙananan tsirrai wata bayan wata, ya buga sakamakonsa a shekarun 1960. A 1962 kuma aka buɗe tashar bincike ta Lamto a Kwaddibuwa, inda Maxime Lamotte da ɗalibansa suka duƙufa kan fara da gara da tana da gizo-gizo da ƙadangaru na cikin ciyawa. Sannu a hankali aka gane cewa wannan daji yana da nasa mazauna waɗanda ba sa iya rayuwa a inuwa. Gamba na ɓoye ƙarfinta a saiwa, wuta na wucewa ta sake tohowa kore shar tun ruwa bai sauka ba. Gwandar daji da ire-irenta, ko an ƙone su har ƙasa, daga gindi suke tasowa. Wasu furanni ma sai bayan ƙuna suke fitowa. Gwanki da kanki da mariya, waɗanda ake karewa a gandun Tsohon Oyo, tohon nan suke bi, haka ma shanu. Kowa ya ga yadda shirwa ke shawagi a kan hayaƙi tana cafke fara. Halittar da ta dace da wuta haka ba jiya ta fara haɗuwa da ita ba, kuma binciken tsohuwar ƙasa ya nuna ciyayin nan sun bazu a Afirka miliyoyin shekaru kafin a fara noma. Ke nan filin da aka hana wa wuta ya sami itatuwan kurmi, amma ya yi asarar masu son rana, ba a dai rubuta su a shafin asara ba ne.

A 1996 James Fairhead da Melissa Leach suka ƙara dagula tsohon zancen. A Kissidougou ta ƙasar Gini, 'yan kurmin da ke kewaye da ƙauyuka an daɗe ana cewa ragowar babban kurmi ne da mutane suka halaka. Da suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbi, suka kuma saurari dattawa, sai ga shi mutanen ƙauyen ne suka raya su a tsakiyar ciyawa. Sannan a 2005 Mahesh Sankaran da abokan aikinsa suka tattara bayanan wurare 854 a Afirka. Suka ga cewa inda ruwa bai kai milimita 650 ba, kamar Maraɗi da Damagaram, ƙarancin ruwa ne ke taƙaita itatuwa. Inda ya haura haka, wuta da dabbobi masu kiwo ne ke hana daji rufewa. Olokemeji na cikin kashi na biyu.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin lasisin yawo da ashana. Gwajin da kansa ya nuna wutar ƙarshen rani tana da zafi, tana kashe ƙananan itatuwa, kuma ita ce ke tsallakawa ta cinye gonar rogo ko ta koko, daga nan rigima ta tashi, baƙo kuma shi ake fara nunawa da yatsa ko da maharban gyazbi ne suka cinna. Ba kuma ko'ina ne tsohon dajin ciyawa ba, akwai wuraren da kurmi ne na gaske aka sare. Abin da filayen uku suka koyar shi ne lokacin ƙuna ke yanke irin dajin da za a samu, kuma tsofaffin makiyaya masu ƙona daji da wuri sun san haka ba tare da takarda ba.

Tsohon ra'ayin Turawan gandun daji bai mutu ba, riga ya sauya. A 2015 aka ƙaddamar da shirin AFR100 na farfaɗo da hekta miliyan 100 a Afirka kafin 2030. A 2024 Catherine Parr da abokan aikinta suka yi gargaɗi a mujallar Science cewa kimanin hekta miliyan 70 na filayen da ba kurmi ba ne, galibinsu dajin ciyawa, na iya faɗawa cikin dashen itatuwa, sau da yawa ma baƙin itatuwa irin su turare. Filin da aka shuka wa turare a jere ya fita daga hannun gamba da gwanki, ya kuma fita daga hannun mai kiwo, ko da rahoton hukuma ya lissafa shi cikin dajin da aka ceto.