Dattijon Da Ya Zana Tsufansa Da Hannunsa

A birnin Landan akwai gidan adana zane-zane mai suna National Gallery. Cikin taskar gidan akwai hotuna biyu na mutum guda, kuma shi ya zana su da hannunsa yana duban madubi. Sunansa Rembrandt, mutumin ƙasar Holan, wanda aka haifa a garin Leiden a 1606.

Hoto na farko na shekarar 1640 ne, lokacin yana da shekara 34, tauraruwarsa na haskawa a birnin Amsterdam. Ya fito cikin tufafin alfarma, ya jingina hannu a bisa dakali, kallonsa na wanda duniya ta yi wa gatan fari. Shekara guda kafin nan ya sayi katafaren gida, mafi yawan kuɗin kuwa bashi ne.

To, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1642 matarsa Saskia ta rasu. A 1656 bashi ya ci ƙarfinsa, aka yi gwanjon kayansa, gidan ma ya fita daga hannunsa. A 1668 ya binne Titus, ɗansa namiji tilo da ya rayu har ya girma.

Bayan wannan rashi ne, a 1669, ya sake zama gaban madubi yana da shekara 63. Bai ɓoye komai ba: ga furfura, ga tamoji a goshi, ga fatar fuska ta saki. Da masana suka haska hoton da na'urar ganin ƙashi, sai suka tarar da farko ya zana kansa riƙe da alƙalamin zane, daga baya ya shafe, ya harɗe hannuwansa. Ya ajiye alamar sana'ar da ta ɗaukaka shi, ya bar fuskar ta yi magana. Ran 4 ga Oktoba na wannan shekara ya cika, aka binne shi a kabarin da ba ko suna.

Gidan adanar ya sayi hoton a 1851, amma sai a 1967, ana cikin goge shi, aka gano sa hannunsa da shekarar da ya rubuta. Wannan ɗan rubutu ne ya tabbatar da cewa zanen na watanninsa na ƙarshe ne.

'Yan'uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Ikko, mu nawa ne ke da hoton kakansa? Dattawanmu na Sheme ba masu zane ba ne, amma fuskokinsu na ɗauke da fari da damina, da kakar auduga, da hijirar da rashin tsaro ya jawo wa yankin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. In mun je gida da salla, mu nemi izininsu mu ɗauke su yadda suke, mu rubuta suna da shekara a baya. Allah Ya ja kwanansu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.