Tarkacen Waya a Hannun Mai Zane: Daga Vohou-Vohou zuwa Mounou Désiré Koffi

Duk wanda ya ratsa Adjamé, daga unguwar Saint-Michel zuwa kasuwar wayoyin da mutanen Abidjan ke kira Black Market, ya ga yadda wayar salula take ƙarewa. Mai gyara ya farke ta, ya cire abin da zai amfane shi, saura ya nufi kwata ko juji. Wannan sauran shi ne kayan aikin Mounou Désiré Koffi, mai zanen da aka haifa a 1994. Yana tattara madannai da gilasan matattun wayoyi, ya jera su a kan ƙyalle, ya fitar da surar mutane cikin cunkoson titi da ambaliyar damina. A 2022 aka baje kolin ayyukansa a gidauniyar Donwahi da ke birnin.

Sai dai wannan hanya ta girme shi. Tun a shekarun 1970 wasu ɗaliban makarantar koyon zane ta Abidjan suka ƙosa da fenti mai tsada da ake shigowa da shi daga Faransa, da kuma tsarin koyarwar da ya zo tare da shi. Suka koma ga ɓawon itace da yashi da jar ƙasa da wuri da ruwan goro. Aka yi musu laƙabi da Vohou-Vohou, kalmar da ake dangantawa da harshen Guro, mai nufin tarkace ko kowane irin abu; su kuwa suka riƙe sunan. Cikinsu akwai Youssouf Bath da Théodore Koudougnon da N'Guessan Kra, kuma a 1985 suka yi babban baje kolinsu a cibiyar al'adun Faransa ta Abidjan.

Bambancin tsara biyun yana ga abin da kowace ta tsinta. Na farko sun ɗebo daga ƙasa da daji, domin damuwarsu ita ce asali. Koffi yana ɗebowa daga sharar masana'antun da ba a ƙasarsa suke ba, kuma a garin da ya san ɗacin irin wannan shara. A Agustan 2006 aka sauke dattin guba daga jirgin ruwan Probo Koala, aka zubar da shi a Akouédo da wasu wurare. Fiye da mutum goma suka rasu, kimanin 100,000 suka nemi magani. Dalma da sauran ƙarafa masu guba da ke cikin tsohuwar waya ba sa kisa farat ɗaya haka, a hankali suke bin ruwa.

Amma kuskure ne a karanta aikinsa a matsayin kuka kawai. Madannan da ya jera su ne waɗanda fatake, har da Hausawan Adjamé da Treichville, suka danna suka ji farashin kaya, suka gaisa da gida a Maraɗi ko Tawa. Wasu ma lambobinsu sun goge saboda yawan taɓi.