Daga Auna Fahimta zuwa Insha'in Ra'ayi: Matsayin Hujja a Darasin Hausa na Ƙaramar Sakandare

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alaƙar koyar da karatu da koyar da rubutun ra'ayi a darasin Hausa na ƙaramar sakandare a Arewacin Nijeriya. An ɗora nazarin a kan ra'in Toulmin na gina hujja, aka yi misali da littafi na ɗaya na Magana Jari Ce. Maƙalar ta nuna cewa raba auna fahimta da insha'i yana hana ɗalibi koyon kafa hujja, sannan ta kawo matakai huɗu na haɗa su a darasi guda.

Muhimman kalmomi: auna fahimta, insha'i, hujja, matani, karin magana.

1.0 Gabatarwa

A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. Daga baya shirye-shirye irin su Mu Karanta! a jihohin Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, suka duƙufa a kan tushen karatu: sautin baƙi da wasali, haɗa gaɓoɓi, da karatu ba gargada. Sai dai yaron da ya haye wannan mataki ya shiga sakandare, wani aikin na jiransa, wato ya karanta matani, ya ɗauki matsaya, ya kare ta a rubuce.

A nan ne matsalar take. Sau da yawa auna fahimta da ranarsa, insha'i da tasa. Tambayoyin auna fahimta ba sa wuce "wane ne" da "ina ya tafi", amsarsu na kwance a layi, ɗalibi ya kwafo. Ranar insha'i kuma a rubuta jigo a allo, kamar "Noma ya fi kasuwanci", ba matanin da za a jingina da shi. A darasin farko yana da matani ba a nemi ra'ayinsa ba, a na biyu an nemi ra'ayinsa ba a ba shi matani ba.

2.0 Waiwaye

Gough da Tunmer, a 1986, sun bayyana cewa fahimtar karatu na samuwa ne idan iya furta rubutacciyar kalma ya haɗu da fahimtar harshe. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ba ya wadatarwa. Palincsar da Brown, a 1984, sun fito da dabaru huɗu da ɗalibai ke karɓa-karɓa a kansu: hasashe, tambaya, warware abin da ya shige duhu, da taƙaitawa. Graham da Hebert kuwa, a rahotonsu na 2010, sun tattara binciken da ya nuna cewa yin rubutu a kan abin da aka karanta yana ƙara fahimtarsa. Wannan na nuna cewa karatu da rubutu suna ciyar da juna. Abin da ya rage shi ne yadda za a aiwatar da haka da matanin Hausa.

3.0 Ra'i da Hanyar Nazari

Stephen Toulmin, a 1958, ya kasa ginin hujja zuwa sassa shida. Uku daga ciki sun wadaci ɗan ƙaramar sakandare: matsaya, wato abin da marubuci ya ce, hujja, wato abin da ya dogara da shi, da mahaɗi, wato bayanin yadda hujjar ta kai ga matsayar. An bi hanyar nazarin matani, kuma amsoshin da ke ƙasa an tsara su ne domin misali.

4.0 Nazari

4.1 Tambayar da ke raba aji

A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ƙulla makirci, Musa kuma ya matsu ya fita, aku ya riƙa ɗauke masa hankali da labarai har gari ya waye. Maimakon a tambayi sunan sarkin, malam na iya cewa: "Shin aku ya kyauta wa Musa da ya tsare shi ta hanyar dabara?"

Amsa ta farko: "E, ya kyauta, domin aku yana da wayo." Akwai matsaya, amma babu komai daga matanin. Amsa ta biyu: "Ya kyauta, domin Waziri na neman halaka Musa in ya fita. Wanda aka bar wa amanar yaro, kare ransa ya fi biya masa buƙata." Jimlar farko ta kawo hujja daga labarin, ta biyu ta zama mahaɗi. Wani ɗalibin zai iya cewa gara aku ya gaya masa gaskiya ƙiri-ƙiri, kuma shi ma dole ya koma shafin ya nemo abin da zai kare kansa. Komawar nan ita ce karatu na haƙiƙa.

4.2 Karin magana da ladabi

Ɗan Bahaushe ya taso yana jin ana rufe zance da karin magana, don haka yakan ɗauke ta a matsayin hujja. Sai ya rubuta "haƙuri maganin zaman duniya" ya ajiye biro. A ma'aunin Toulmin, karin magana mahaɗi ce mai ƙarfi, domin tana ɗauke da abin da jama'a suka yarda da shi, amma ba ta maye gurbin abin da ya faru a matanin. Ba hana ta malam zai yi ba, wurinta zai nuna: hujja tukuna, sannan ita.

Haka nan an tarbiyyantar da yaro kada ya yi musu da na gaba da shi, kuma wannan tarbiyya abin riƙo ce. Abin da za a koya masa shi ne saɓa wa ra'ayi cikin ladabi, da kalamai irin su "a ganina", "duk da haka", da "mai wancan ra'ayi na da hujja, sai dai".

4.3 Matakan darasi

Na ɗaya, a karanta matanin sau biyu, a warware kalmomi masu wuya. Inda littattafai suka yi ƙaranci, malam ya rubuta sakin layin a allo. Na biyu, a jefa tambaya mai fuska biyu, ɗalibai su tattauna bibbiyu, abin da ke yiwuwa ko a aji mai cunkoso. Na uku, malam ya gina sakin layi ɗaya a allo tare da su, yana tambaya: "Ina hujjarka? A wane layi?" Na huɗu, kowa ya rubuta nasa, ya ja layi a ƙarƙashin hujjarsa. Wannan ya dace da tsarin Pearson da Gallagher na 1983, inda nauyin aiki ke sauka daga malam zuwa ɗalibi sannu a hankali. Wajen ba da maki kuma, kada ƙa'idojin rubutu su cinye komai, a ware wa hujja da mahaɗi kasonsu.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hujja ce ke haɗa karatu da rubutun ra'ayi. Ana ba da shawarar kowane darasin auna fahimta ya ƙare da tambaya guda mai neman matsaya, kowane insha'in ra'ayi kuma ya taso daga matanin da aka karanta. Ya kamata kwalejojin ilimi su horar da malaman Hausa a kan tsara irin waɗannan tambayoyi, masu bincike kuma su gwada matakan a azuzuwa. Ɗalibin da ya saba neman hujja a littafi zai neme ta a duk labarin da aka kawo masa, kuma al'umma na matuƙar buƙatar irinsa.